Bayan Cokali

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Fahad, mai shagon lemon da nake wa aiki a unguwar Misfala a Makka, ya dawo daga Jidda da sabuwar fitina. Ya ga ana zuba lemo hawa biyu a kofi ɗaya, launi kan launi. Yana so mu fara: mangwaro a ƙasa, zobo a sama. Sau takwas ya gwada, sau takwas ya fito kamar ruwan wanke-wanke. Ni dai ina ta yankan kankana.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na iya. Shekara shida na yi ina zuba shi a wata mashaya a Jos, sai dai ba da mangwaro ba. Farar giya rabin kofi, a jira kumfa ta kwanta. A kifa cokali a bakin kofi, a tsiyayo baƙar a bayansa a hankali, ta zauna a sama kamar hula. Na tuba, na zo Makka, na auri Rabi. Ita ta san shayi nake sayarwa a Jos, don abin da na faɗa wa iyayenta ke nan. Shekara tara ke nan ban gyara maganar ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Fahad ya ɓarar da kwalin mangwaro guda. Haushi ya kama ni, na ce ba ni. Na rage wa zobon sukari don ya rage nauyi, na kifa cokali. Layin ya fito tas. "Ya salam! A ina ka koya?" Na ce gani na yi a waya. Hannuna ko rawa bai yi ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kofi sittin da wani abu. Kafaɗa na ciwo.

Litinin, 14 ga Oktoba

Bayan la'asar wani mai umara ya tsaya, kai a aske, tasbaha har gwiwa. Ya zuba wa cokalin ido, sannan ni. Labaran ne, mai teburin kusurwa a mashayar Jos, wanda ba ya karɓar kofi in layin ya ɗan karkace. Yanzu Alhaji.

"Malam, kamar na san hannun nan."

Na ce hannu ai yana kama da hannu, Alhaji.

Ya shanye, ya ce, "Allah Ya karɓa mana." Na ce amin. Babu wanda ya ambaci Jos. Sai da ya tafi na lura Rabi na tsaye da kular abincina, ban san tun yaushe ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ba ta tambaya ba. Da ta tambaya da na fi samun sauƙi, ƙaryar a shirye take. Ina tsoron ta sani ta daina kallona yadda take kallona. Wannan kaɗai ne.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na dawo daga Harami na tarar ta jera mangwaro, zobo da kofi biyu a faranti. Wai in koya mata, za ta yi wa matan unguwar Utaibiyya ranar suna. Ta zuba, ya cakuɗe. Na riƙe hannunta na ce mai nauyin ne a ƙasa, kuma kada ki yi gaggawa, bar shi ya gangaro da kansa.

Ta ce, "Baban Kabira, ba a koyon wannan a teburin shayi."

Na ce haka ne. Na faɗi sunan wurin, da abin da ake zubawa, da shekaru shidan. Muryata kamar ina karanta iƙama, takardar izinin zama. Ta ajiye cokalin.

Sai ta ce, "Tun kafin a ɗaura aure yayana ya bincika. Jira nake in ji daga bakinka."

Shekara tara.

Asabar, 19 ga Oktoba

Aiki kamar kullum. Fahad ya sake tambaya a ina na koya, na ce a Jos, wata rana zan ba shi labari. Kofin Rabi na uku ya fito, layin ya ɗan karkace. Na shanye.