Ƙaramar Malama

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, an raba mana aji. A da, yara tamanin da bakwai nake koyarwa, yanzu ashirin ne a gabana. Ranar farko na shiga da muryar da na saba, yaran suka yi tsuru-tsuru, sun zaci faɗa nake. Kin san ƙanwarki, ko raɗa ta yi sai maƙwabta sun ji.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata yarinya ce da muke kira Ƙaramar Malama. A da sai in karanta, aji ya amsa gaba ɗaya, bakinta kuwa ya fi na kowa motsi. Jiya, da yake yanzu lokaci yana isa ta in bi su ɗaya bayan ɗaya, na tsuguna gefen bencinta na nuna mata harafi guda. Ba ta san shi ba. Ko ɗaya ba ta sani ba, hadda ce kawai. Ashe shekara ɗaya da rabi kallon kitse nake yi wa rogo.

Shugaban makaranta ya ce in ba ta iya karatu zuwa ƙarshen zango ba, za ta maimaita aji. Laifin kuwa nawa ne, kunya duk ta ishe ni. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Autar Inna

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika fara takawa.

Wata biyu ke nan kullum ina zama da yarinyar nan minti goma yayin da sauran ke rubutu. Yau wata motar tanka ta tsaya daidai tagarmu. Sai na ji ta a hankali tana haɗa haruffan jikin motar, har ta furta kalmar "ruwa", ba wanda ya faɗa mata. Ta juyo ta tambaye ni ko duk rubutun da ke bangon titi magana yake yi, tun da can. Na ce mata e. Ta daɗe tana kallon titin.

Kafin a tashi, Shugaba ya gwada ta, ya ce za ta wuce tare da 'yan ajinsu.

Yaya, shekarata goma sha tara ina koyarwa, amma sai yau na ga lokacin da karatu ke shiga kan yaro, da idona. Ikon Allah ke nan. Ina ta tunanin yara nawa irinta suka wuce ta gabana ban taɓa jin muryarsu ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Autar Inna