Safar Hannun Dama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Yaya Dogo. Kin ce in daina kiran ki a waya tunda ba na bari ki kai aya. To ga takarda, ki karanta ki yi faɗanki ba mai katse ki.

Na iso sabon reshen kamfani lafiya. Nan ma kwanon rufi ake bugawa, halin ma'aikatan kuma ɗaya ne: hular kwano a rataye, safar hannu a aljihu, kowa na cewa abin da zai samu mutum ba ya wuce shi. Manaja ya ce in kafa musu irin allon da na rataya a tsohon wurinmu, inda mijinki ke aiki. Duk ranar da aka tashi aiki ba wanda ya ji ciwo, a ƙara lamba. In an ji, a goge a koma farko. Sashen da ya ƙare shekara ba a goge masa ba, shi ke da kyauta. Tun da na rataya shi a can, Yaya, ko ƙwarzane ba a kawo mini ba. Saboda shi aka ƙara mini girma.

Abin da ya fi yi mini daɗi, direban da ke kawo mana kaya ya ce mijinki ya fara sa safar hannu. Mutumin da ya raɗa mini Sarkin Hula, mai cewa tafinsa ya fi fatar safar kauri! Wai har wurin cin abinci ba ya cire ta dama. Ki ce masa Sarkin Hula ya ci yaƙi.

Ki gaishe mini da yara.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a kan bencin asibiti, kuma ba yaƙin da ka ci.

Tun kafin ka tafi, gefen kwano ya tsarge shi tsakanin yatsu yana janyo shi daga injin yanka. Bai je wurin akwatin magani ba, don ka kafa doka duk wanda ya buɗe shi sai an rubuta, in an rubuta kuwa an goge allo. Ya naɗe da tsumma, ya zura safa a kai. Abokan aikinsa duk sun sani, suka yi gum.

Na ce masa, "Baban yara, hannun nan fa ya fara wari." Ya ce, "Ki bari shekara ta ƙare. Allon nan shi ne tsanin yaron nan, ba ni zan janye masa ba. Kuma da wane ido zan kalli 'yan sashenmu in na zubar musu da kyauta?"

Shekaranjiya zazzaɓi ya kayar da shi a bakin inji. Da likita ya yanke safar da almakashi, sai da mai jinya ta kau da kai. Sun ce za su yi ƙoƙari su ceci hannun, amma ba su yi mini alkawari ba. Da wannan hannun yake ciyar da mu, da shi ya riƙe ka ya kai ka kamfanin nan lokacin da kake yawo da takardu a leda.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ka sa mu a addu'a.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya.

Da na karanta, abin da ya fara zuwa bakina shi ne ai ban ce kowa ya ɓoye ciwo ba. Har na rubuta, na yage takardar. Sai na tashi na shiga ɗakin canza kaya na wannan reshen, inda allona bai daɗe da hawa bango ba. Na roƙi wani dattijo mai walda ya gaya mini gaskiya. Sai ya buɗe mini wata tsohuwar durowa. Filasta ce da auduga da man ƙuna, sun yi karo-karo sun saya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, naka akwatin na ofis ne, wannan namu ne." Ya miƙo mini hannuwansa, na ga sabon tabo har a wuyan hannu.

Akwatina kuwa yana cike kamar ranar da aka kawo shi. Kullum in na wuce sai in dube shi in ji daɗi. Ni a zatona na koya musu kiyaye jikinsu, ashe shiru na koya musu. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba nawa idon ba.

Kunyar haɗa ido da Yaya Dogo nake ji, amma ina son zuwa. In kin ce kada in zo, zan haƙura.

Ƙaninki.

*

Auta,

Muna amsawa. An shiga da shi tiyata jiya. Hannun ya tsira, amma sun cire ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ya farfaɗo, har ya sha ruwa.

Na sauke maka kaya a wancan karon, to bari in ɗauki nawa. Ni nake gasa masa hannun da ruwan zafi, ni nake wanke tsumman. Waya tana gefena, sau nawa na ɗauka in kira ka, in tuna yadda kake murna in ajiye. Kai ka rataya allo, mu muka yi masa gadi. Da na sani ƙeya ce, Auta, kullum a baya take.

Manajan nan ya zo dubiya da lemo. A bakin ƙofa ya rage murya ya ce tunda ba a rubuta ranar da abin ya faru ba, ana iya cewa a gida ya yanke, allo ya zauna yadda yake, kai ma kujerarka ta zauna. Ya ce kai ka kawo tsarin, kai za ka faɗi yadda za a yi. Ta bakinka nake jira.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na rubuta wa manyanmu cewa a bakin inji ya ji ciwon, kuma allona ne ya hana shi faɗa. Na sauke na nan da hannuna, na ce a sauke na can. Akwatin magani na cire masa kwaɗo, kowa ya buɗe. Daga yau wanda ya zo ya ce mini "na kusa yankewa a wuri kaza", shi za a gode wa a gaban jama'a, a je a gyara wurin. 'Yan sashen Yaya Dogo za su ji haushina saboda kyautar, an kuma kira ni babban ofis. Ban san ko da kujera zan fito ba.

Ki tambaye shi ko in zo.

Auta.

*

Sarkin Hula,

Yayarka ke rubutawa, ni nake faɗa. Ina gaishe ka.

Ka zo mana. Yatsu ukun da suka rage sun isa in ja maka kunne. In an kore ka, ka dawo mu zauna tare muna gadin gida.

In za ka taho, ka zo mini da sabuwar safa, wannan karon sawa zan yi tsakani da Allah. Amma ka ba tela ta hannun dama ya rage mata yatsu biyu, kada su riƙa lilo inji ya kama.

Allah ya kawo ka lafiya.

Dogo.