Baba ya koma cin tuwo

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya zaman Kotono? Ina Anti Rabi da yara? Mu nan Maradi sai godiyar Allah.

Baba ya ba mu tsoro. Muryar nan da ka turo a waya, mai cewa yunwa na sa jiki ya cinye cutarsa, ita ya riƙe. Ya bar tuwo, ya bar fura, sai ruwa, wai ciwon sukarinsa yake kashewa. Ran Laraba ya yanke jiki ya faɗi a garkarsa ta Jiratawa. Allah ya saka wa maƙwabcinsa Malam Idi da alheri, shi ya kawo shi asibiti.

Likitar ba ta ƙaryata ka ba. Ta ce ƙananan ƙwayoyin da aka gina jikinmu da su, in abinci ya yanke, kowacce takan narkar da lalatattun kayan cikinta ta rayu da su, kamar macen da icce ya ƙare mata da damina ta ƙone karyayyar kujera ta yi girki. Amma in abin ya daɗe, har azarar ɗaki za ta zare, rufi ya rufta; haka ƙwayar ke mutuwa.

Alhamdulillahi, Baba ya warware. Yanzu in ya ture kwano, rufin ɗaki kawai Inna ke nuna masa, sai ya jawo abinsa.

Don Allah, kafin ka sake turo irin wannan, ka kira ni. A sa Baba a addu'a. Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Hadiza