Muryarka Ta Fito, Yaya Sanusi

Assalamu alaikum, Yaya.

Ka san abin da ake faɗi a kanka a Haɗeja kuwa? Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma dariya za ka yi wa rubutuna. Amma wa zan gaya wa?

Cewa ake kai ka cika wa kwalekwalen nan kaya ranar da ambaliya ta shiga fadama. Wai son kwashe shinkafa a sahu ɗaya ne ya kashe ka, ya kashe Malam Garba mai fito. Iyalansa sun daina gaida Inna. Baffa Iliya kuwa, mai shinkafar, ya zauna a tabarmar ta'aziyya yana cewa shi ranar yana garin Malam Madori, da yana nan da ya hana ka.

Abokinka Habu ya ɗauki bidiyon lodin da wayarsa. Bayan rasuwar ya tura mini, ya ce shi ba zai iya kallo ba, daga nan ya daina ɗaga wayata. Ruwa da kwalekwale kawai ake gani, ba a ganin na kan gaɓa. Inna ta ce ita muryarka kaɗai take son ji. Ka san kunnenta, a waya ba ta ji komai ba. Sai na sa shi a kwamfutarka, wadda ka haɗa da manyan sifikun falo.

Na ƙure maɓallin sifika, na ƙure na kwamfuta. Iska ce kawai ke huuu, bakinka na motsi. Inna ta manna kunne a jikin sifika tana tambayata me ka ce. Me zan ce mata? Mai gyara ya zo ya ƙwanƙwasa, ya ce sifikun sun sha danshi, a jefar. Na ce masa kansa ne ya sha danshi.

Na zauna na bi abin da kaina, harafi-harafi, yadda na koyi karatu a allunan shaguna. Ashe manhajar da ke kunna bidiyon tana da nata ma'aunin ƙara, kuma yana can ƙasa. Na ɗaga shi. Sannan na gano wani saiti da ke ɗago ƙananan sauti su kamo manya. Na kunna.

Yaya, muryarka ta cika falon. Kana cewa, Baffa, ya isa haka, ruwa ya kusa bakin kwalekwale. Ka sake faɗa. Sai wata murya daga gaɓa, da wannan gyaran maƙogwaron da duk gidanmu ya sani, ta ce ragwanci ne, a ɗora sauran buhunan, hadari na tasowa.

Inna ta sa na maimaita. Sannan ta ce in kashe, in rufa asiri, ƙanin mahaifinmu ne. Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Haƙurinka haushi yake ba ni. Me ya hana ka sauka? Don babba ya yi magana? Kullum kana ce mini bakina zai jawo mini. To ni ga ni, kai ina kake?

Ruwa ya janye, an fara gyaran gonakin alkama. Ummi 'yarka ta fara tafiya, komai ta gani sai ta ja wayarsa. Ita zan bari ta girma ana nuna ta, ana cewa ga 'yar wanda ya nutsar da mutum?

Ran Juma'a, in an sauko daga masallaci, zan fito da sifikun nan ƙofar gida. Na aika wa 'ya'yan Malam Garba su zo. Habu ma na aika masa ya zo, ya faɗi wanda ke tsaye kusa da shi a gaɓa. Inna za ta yi fushi da ni, na sani. Amma sai Baffa ya miƙe a gaban majalisar da ya yi wa ƙarya, ya gaya musu muryar wa ce.

Allah ya haskaka kabarinka, ya gafarta maka. Sai na zo.

Ƙaninka mai baki,
Nafi'u