Tumun da Ka Kawo Mini Makaranta

Nasarawar Burkullu,
Laraba, hutun rabin zango, 2014.

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan farko da ke sauka ƙasa ta ɗauki ƙamshi, Surajo.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Innarku, da shanun huɗa, da gona. Ni kam lafiyar jiki kaɗai gare ni. Takarda uku na ɓata daga littafina kafin wannan, don duk sa'ad da na zo kan abin da ya sa nake rubuto maka, sai hannuna ya ƙi. Kwana uku ke nan da na zo hutu ban ga ko inuwarka ba. Ba zan tambayi dalili ba, ni ce dalilin.

Bari in faɗe shi da kaina, ko da ka fi ni saninsa. Ranar ziyara ka ari babur ɗin yayanka Magaji, ka biyo hanyar nan da damina ta cinye, tun daga garinmu har makarantarmu ta kwana a Gummi. Ka ɗauko saƙon Inna, ƙuli-ƙuli da yaji da sabulu. Sannan ka ɗauko naka: tumu, gasasshe, a naɗe cikin rawaninka don kada laka ta taɓa shi. Na gayaunarka ne, wadda Babanku ya yanka maka bana, gonar farko da ta zama taka kai kaɗai. Wa bai sani ba a garinmu, tumun farko na saurayi mahaifiya ake kai wa? Kai ka raba naka biyu, rabi ga Innarka, rabi gare ni. Ya Allah! Wace 'ya ce aka taɓa ɗaukaka haka ta kasa ganewa?

Na fito na same ka ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa, wandonka da laka har gwiwa, kana murmushin nan naka mai fara fitowa ta ido. A gefenka motoci ne, ana sauke madarar gwangwani da biskit da lemun kwalba. Sai Muhsina, 'yar ɗakinmu, ta dafa kafaɗata ta ce da ƙarfi, "Bara'atu, wa na wanga da yay yi wanka da taɓo? Ko angonmu na?" 'Yan mata suka kwashe da dariya. Ni kuma, ni da ka ratso gulbi saboda ni, na buɗe baki na ce, "Ɗan kabu-kabu na, Inna tat turo shi."

Ka ji. Na ga ka ji, don murmushin ya koma ta inda ya fito. Ba ka ƙaryata ni ba. Ka kwance kayan, ka miƙo mini da hannu biyu, ka ce, "Hajiya, saƙo ya iso. A duba ko da abin da yaf faɗi bisa hanya." Hajiya! Da mari ka yi mini da ya fi sauƙi. Babur ya ƙi tashi har sau uku, suna ta dariya, ni ina tsaye kamar turken da aka kafa aka manta. Ko ruwa ban kawo maka ba.

Na tura tumun can ƙasan akwatina. Washegari da hantsi na lallaɓa bayan ɗakin girki, na murza shi a tafin hannu, na hure ƙaiƙayin, na ci. Ya huce, ya yi tauri, amma ƙamshin wutar da ka hura yana nan a jikinsa. Ina taunawa hawaye na shiga bakina. Wallahi ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, ban kuma taɓa cin abin da ya tsaya mini a wuya kamarsa ba.

Ya farin watana, ko ka san da me nake rayuwa a makaranta? Ba da abin cikin gwangwani ba. In malami ya juya yana rubutu a allo, ni kan dubi littattafaina, waɗanda ka zauna ƙofar gidanmu ka yi wa bango da takardar buhun siminti, kana lanƙwasa kusurwa da farcenka kamar mai ɗinkin hula. Nakan tuna ranar da igiyar gugarmu ta tsinke, ka zo wucewa da shanu, ka ɗaure ta ba ka dube ni ba, ka ce wa bijiminka, "Mu tai, Bakin Wake, masu boko ba su iya ƙulli ba." Sai da na yi kwana biyu ina dariya ni kaɗai, har Inna ta tambaya ko lafiya nake. Nakan tuna yadda kake tahowa da fito tun daga kan kwana, in ka zo daidai zaurenmu ka yi shiru saboda Baba. Kowa fito yake ji, ni wannan shirun nake jira. Da kindirmon da kake saye wurin Aisatu mai nono, ka aiko da shi wai ya yi maka yawa, kullum ya yi maka yawa! Da goriba guda da na samu kan katangarmu ranar da sakamakon jarrabawata ya fito, babu sallama, babu saƙo. Waɗannan su ne dukiyata. In na ƙirga ranakun da na yi farin ciki a duniya, ba a cika samun wadda babu hannunka a ciki ba. To wane irin mutum ne ke shan inuwar bishiya shekara biyu, ranar da baƙi suka zo ya ce bai san wanda ya dasa ta ba?

Jiya a bakin rijiya ƙanwarka Larai ta ƙi amsa gaisuwata. Da na matsa mata, ta ce ranar Asabar za ka bi abokanka su Hudu wajen haƙar zinariya can ƙasar Anka, wai ka ce ba za ka dawo ba sai ka samo abin da ba za a ƙara jin kunyarka ba. Tulu ya kusa suɓuce mini. Surajo, ramin nan da ke rufta wa mutane? Ƙasar nan da gubar dalmarta ta ɗauke yara a Tungar Daji muna ji muna gani? Kai da ko rijiya ba ka son leƙawa! 'Yan kalmomi na faɗa don 'yan mata su daina dariya, yanzu su ne za su saka ka cikin rami? In wani abu ya same ka, da wane ido zan dubi Innarka, wadda ta yarda aka raba tumunta da ni?

Ga abin da na yi, ba don ya isa ba. Kafin mu taho hutu na tara 'yan ɗakinmu na ce musu ƙarya na yi, wanda ya zo ba ɗan kabu-kabu ba ne, manomi ne, kuma shi nake so. Sun yi dariyar da ta fi ta farko. Yanzu Amaryar Tumu suke kirana, ina kuma amsawa. Yau da safe na durƙusa gaban Inna tana tankaɗe na faɗa mata komai, abin da ban taɓa zaton bakina zai iya ba. Ta ajiye rariya ta ce, "Ke ɗiyag ga, kunya nik koya miki, ba raini ba. Boko na yak koya miki wanga?" Ba boko ba ne, ni ce. Ita ta ce in rubuto, ita kuma za ta ba Larai takardar da hannunta.

Ba na roƙon ka yafe mini kafin Asabar, ban cancanci wannan saurin ba. Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah: kada ka tafi. Dawarka ta fitar da kai, tana jiran mai ita. Ka zauna ka yanke ta. Ka ƙi gaishe ni, ka sauya hanya in ka hango ni, ka kira ni Hajiya har shekara ta zagayo, zan ɗauka. Ni dai ka yi fushin a bisa ƙasa, inda zan riƙa jin an ce an gan ka. Kada ka kai shi ƙarƙashinta.

Ranar Lahadi zan koma makaranta. Ko ka yi magana da ni ko ba ka yi ba, babu wanda zan ƙara ɓoye wa kai, babu kuma wanda zan saurara bayanka, har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Wadda ta yi laifi ta kuma san ta yi, taka muddin rai,
Bara'atu.