Gangunan Kawu

Litinin, 3 ga Yuni

Yau na rufe sito na farko a wannan watan, na wani mai fenti. Ya tare ni da murmushi har kunne, ya miƙo takardarsa, wai tina, ruwan nan mai ci da wuta da ake sirka fenti da shi, ganga shida kawai yake da ita. Na ce to, mu je mu gaisa da su. Sai ga wasu a bayan buhunan siminti an lulluɓe su da tamfol. Wai na ƙaninsa ne, ajiya aka ba shi. Na ce wuta ba ta tambayar kayan wane ne.

Abin da dokar ta nema ba shi da yawa fa. Duk mai ajiye sinadari mai haɗari ya rubuto mana me yake da shi, nawa ne, kuma a ina ya ajiye. Mu kuma mu kai wa 'yan kwana-kwana, ranar gobara su san abin da ke bayan ƙofa kafin su ɓalle ta. Shi ke nan. Amma sai ka ce an ce su ciro ƙodarsu su bayar.

A hanya Dogo, direban ofis, yake gaya min wai a unguwar masana'antu suna kirana Hanci. In an hango motarmu sai a ce ga Hanci nan. Ya ɗauka zan ji haushi. Ni kuwa har raina na ji daɗi, don ba da roƙon Allah na samu sunan ba.

Ya ce da na ɗan yi wa mai fenti bayani. Na ce ni aikina kamawa ne, mai son darasi ya koma makaranta.

Laraba, 5 ga Yuni

Darakta ya ba ni layin masu walda. Na gaya masa gaskiya, shagon kawuna yana layin. Ya ce to a ba Mai Tabarau, abokin aikina. Na ce a'a, a bar min. In akwai shago ɗaya mai tsabta a garin nan, na Kawu ne.

Mutumin da ya kwaso mu ni da Inna bayan rasuwar Baba, ya ba ƙanwarsa ɗaki mafi kyau a gidansa, ya sa ni makaranta. A shagonsa na fara sanin cewa ba kowane abu ake shinshinawa ba. Har gobe bai kira ni da sunana, sai dai Kunnen Ƙashi.

Alhamis, 6 ga Yuni

Kamar yadda na faɗa. Tukwanen gas a ɗaure da sarƙa, kowacce da hularta, tukunyar kashe gobara ba ta wuce wa'adi ba. Ya sa an kawo min kujera, na ce ina bakin aiki. Ya yi dariya ya ce da masu shagon kusa, "Ku gan ta nan, ko ruwana ba za ta sha ba."

A sito rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, an tara bokiti. Gangunan kabayid ɗinsa, sinadarin da masu walda ke aiki da shi, ba su kai yadda ya rubuta ba, biyu kawai na gani a kan katako, nesa da yoyon. Na ɗauka ya sayar, kuma raguwar kaya ba laifi ba ce. Na ce a gyara rufi, na sa hannu na fito ina taƙama.

Asabar, 8 ga Yuni



Na je gaida Inna da hantsi, an kwana ana ruwa. Ina shiga tsakar gida sai warin tafarnuwa ya buge ni. Na ce Inna yau tafarnuwa kuka samu arha? Ta ce rabonsu da ita an kwana biyu. Na san warin nan tun ina 'yar firamare. Haka kabayid yake yi in laima ta taɓa shi, dutsen nan mai toka-toka da masu walda ke jiƙawa ya ba su iskar da take ci da wuta.

Na bi hancina. Ƙaramin ɗakin da ke manne da kicin, wanda ake zuba tsoffin tabarmi. Ganguna a jere har bakin taga, ɗaya murfinta ya yi tsatsa ya ɗan ɗaga. Bango ɗaya ne tsakaninsu da murhu. Ta ɗaya gefen kuma ɗakin Inna ne, gadonta a jikin bangon.

Na buɗe taga, na sa aka kashe murhu, na jira Kawu ya dawo. Ban iya tuna duk abin da muka ce. Na san ya ce saboda yoyon sito ya kwaso su, don ya san abin da ruwa ke yi musu. Ya ce tun ba a haife ni ba yake juya kabayid. Duk gaskiya ne. Na ce, "Kawu, kai ka sani, ɗan kwana-kwana bai sani ba. Takardarsa ta ce suna shago. In wuta ta tashi a kicin, me kake jin zai fara sakowa?"

Sai ya ce dokarmu ta shago ce, nan kuwa gidansa ne. Gwamnati ba ta da hurumi a ɗakin tabarmarsa.

Ni da ban taɓa ba kowa wa'adi ba, na ce ya kwashe su zuwa Litinin, ya kai busasshen wuri, ya rubuto mana inda suke. Ya ce, "In ban yi ba fa?" Ya dube ni ya san amsar.

Na roƙi Inna ta biyo ni gidana. Ta ce ita ba za ta fita daga gidan yayanta kamar an kore ta ba. Da ƙyar ta yarda a riƙa girki a waje.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na kira shi, bai ɗauka ba. Inna ta ce gangunan suna nan daram.

Litinin, 10 ga Yuni

Kafin ofis na biya ta tashar kwana-kwana. Ban san me nake nema ba, wataƙila wanda zai ce min abin bai kai yadda nake ji ba. Na samu kwamandansu yana shanya takalman ruwa. Na ce in aka kira ku gobarar kicin a gidan zama, ba ku da wata takarda a kansa, me kuke yi? Ya dube ni kamar na zare. "Ruwa mana, Hajiya. Da me za mu kashe, da addu'a?" Ya ce mutum biyu ke fara shiga da mesa.

Na ga mutum biyun ma, suna shan shayi a kan benci. Ɗaya da hoton jaririya a bayan wayarsa.

Na gaya wa Darakta komai, har da sa hannun da na yi ranar Alhamis ban tambayi ina sauran gangunan suke ba. Ya ce gobe Mai Tabarau zai je, ni in zauna a ofis. Na ce aiki na Mai Tabarau ne, amma zan tsaya a wurin. Ba zan jefi Kawu in ɓoye hannu ba.

Talata, 11 ga Yuni

An kwashe. Motar ofis, motar kwana-kwana, duk unguwa a bakin ƙofa, har da masu leƙe ta katanga. Da aka mirgino gangar nan mai tsatsa kwamanda ya sa kowa ya ja baya.

An dakatar da lasisin Kawu har sai ya gyara rufi ya kawo sabon jeri. Shago a rufe ke nan, a layin da shi ake kira in rigima ta tashi.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni. Mai Tabarau ne ke riƙe da takarda, amma wajena ya juyo, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranki ya daɗe, Jami'a, a ina zan sa hannu?"

Wallahi na fi son mari.

Amma daidai na yi. Na rubuta a nan don in karanta duk ranar da zuciyata ta fara yi min gardama. Daidai na yi, kuma gobe ma haka zan yi.

Juma'a, 14 ga Yuni

Inna ta kira. Ta ce dangi sun sa ni a faifai, wai boko ya cire min kunya. Ta ce, "Shi fa ya riƙe ki." Na ce shi ya sa. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ni ban yanke kowa ba, ganga na fitar.

Har za ta kashe sai ta rage murya. Wai tun ranar Talata take barci har da minshari, amma in na ce ita ta faɗa, ba ta yafe ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Na kai masa maganin ɗigawa a ido, wanda nake saya masa kullum saboda hasken walda ya cinye masa gani. Ina sallama ya amsa, ya ɗauki hularsa ya fita. Kujerarsa ko hucewa ba ta yi ba. Na ajiye maganin a kan taga.

Ba komai. Ni ma ai jininsa ce, mu ga wanda zai fara gajiya.

Asabar, 29 ga Yuni

Maganin yana nan kan taga, ko ledar ba a kwance ba.

Laraba, 3 ga Yuli

Mai sayar da maganin ƙwari, can bayan tasha. Takardarsa daidai, sitonsa daidai. Har na ɗauki biro sai na ji bakina yana cewa, "Akwai wanda ka kai gida?" Ya yi tsuru-tsuru. Katan-katan ne a ƙarƙashin gadon 'ya'yansa, wai shago ya cika.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni zaune a kan benci ina zana masa gidansa a bayan kwali, nan gado, nan ƙofa, nan inda hayaƙi zai bi. Bawan Allah har gumi ya yi. Da kansa ya hau babur ya kwaso su, muka gyara jerin tare. Gargaɗi na rubuta masa, doka ta ba da dama in mutum ya bayyana da kansa.

Dogo ya ce ashe an buɗe makaranta. Na ce ya kula da titi. Ba darasi ba ne, rufe shago ne yake da yawan rubuce-rubuce, kuma yau na gaji.

Alhamis, 18 ga Yuli

An gama rufin Kawu, Mai Tabarau ya je ya cire kwado. Ni ina shagon mai gyaran injin da ke jikin nasa, aikin da aka tura ni ke nan, ba wani abu ya kai ni ba. Langa-langa ce kawai tsakani, ina durƙushe a bayan jarkoki ina karanta tambarinsu.

Sai na ji wani yana yi wa Kawu barka, yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da yarinyar nan, Hanci take ko wa. Na san muryar, mai fenti ne. Na tsaya cak.

Kawu ya ce, "Kai, iya bakinka. Ni na raine ta." Ya ce duk layin nan wa ya taɓa haifar wadda za ta rufe shagon ubanta ba ta ƙifta ido ba? Wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ce, "Kunnen Ƙashi ke nan. Ni ma ba ta bar ni ba, balle kai da tinarka a bayan siminti. Ka je ka rubuta abin da ke gidanka tun ba ta shinshino ba."

Na daɗe a bayan jarkokin nan. Mai gyaran injin ya zo yana tambaya ko wani abu ke yoyo, ya ga idona ya yi ja. Na ce eh, ya duba murfin ta ƙarshen.

Da muka zo wucewa Kawu yana bakin shago. Na gaishe shi ta tagar mota. Bai dube ni sosai ba, ya ce, "Sannu da aiki, Jami'a." Har yanzu Jami'a. To, Allah ya ba shi haƙuri, ni dai na ji abin da na ji.

Kwalbar maganin idon tana leƙowa daga aljihun rigarsa, ta kusa rabi. Ranar Asabar sai in kai wata.