Ni Manomi Ne, Ba Wayar Asibitin Soja Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da ke kula da lafiyar sojojinmu na bakin daga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomi ne a ƙasar Dutsi, ina ɗan taɓa kiwon tumaki. Ɗana na fari soja ne, ma'aikacin jinya, kuma shi kaɗai ke duba marasa lafiya a sansanin da kuka kai su cikin daji. Na rubuto a bainar jama'a ne don zama ya gagare ni, ko gona na je ba na iya gama kunya guda.

Na ɗaya. Tun faɗuwar damina wani zazzaɓi ya shiga sansaninsu. Yaron ya ba da maganin cizon sauro, ya yi allurai, abin bai ji ba. Ya nemi a haɗa shi da likitan da ya ƙware kan cututtuka masu yaɗuwa, aka ce ya rubuto ta hannun na gaba da shi. Ranka ya daɗe, cuta ba ta jiran sa hannun kowa. Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya kira gida.

Na biyu. Ku dubi hanyar da shawarar likita ke bi kafin ta kai ga sojanku. Sai yaron ya hau tudu waya ke kamawa. A wajenmu kuma iyaye ba sa doguwar magana da ɗan fari, haka muka taso muka tarar. Don haka goggonsa yake kira, yayata da ta goye shi. Ita ta faɗa mini, ni in hau babur zuwa Daura, in bi layi a asibiti kamar ni ne ba lafiya, har in sami likita mai tausayi ya saurare ni.

Likitan ya tambaye ni yaya jikin nasu, na ce da sauƙi. To me zan ce? Bahaushe ko yana kan gargara ka tambaye shi, da sauƙi zai ce maka. Yaron ya ce wa goggonsa da sauƙi don kada hankalinta ya tashi, ta miƙo mini, na kai wa likita da zafinta. Shi kuwa bawan Allah ya ce a ci gaba da maganin da ake ba su. Ashe a lokacin jini ya fara fitar wa wasunsu ta hanci da dasashi. Wane ɗa ne zai faɗa wa tsohuwa wannan? Da likita ne a ɗaya bakin wayar, da maganar jinin zai fara. Sa'ad da labarin ya iso daga baya, likitan ya dafe kai, ya ce maza a ware su, kada kowa ya taɓa su ba safar hannu. Amma yaron ya daɗe yana share musu amai, yana juya su a shimfiɗa.

Na uku, kuma shi ya hana ni sukuni. Jiya waya ta shigo, ba muryarsa ba ce. Direban sansanin ne, yana tambayar goggo wace allura zai yi wa yaron, don yanzu shi ne a kwance. Tsohuwar da ko sunanta ba ta iya karantawa, ita ake tambaya allura.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sa ƙwararren likita ya kira sansanin nan yau, ba gobe ba, a kuma kwaso marasa lafiyar. Sannan a buɗe layi guda wanda duk ma'aikacin lafiyar da kuka tura daji zai kira kai tsaye, ya aika hoto, ya yi magana da wanda ya san cutar kuma ba ya jin nauyinsa. A ba su wayar da ke kamawa ba sai an hau tudu ba, don mara lafiya ba ya iya hawa.

Mun san aikin soja da mutuwa a ciki, mun kuma sa masa albarka ya tafi. Harsashi muka yi wa tanadin haƙuri, ba rashin wanda zai amsa waya ba.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya sa wannan takarda ta riske ka yaron yana da rai.

Wassalam.

Mahaifin wani soja,
daga ƙasar Dutsi, shiyyar Daura.